Auta na Bohemiya da Tudun Ƙanƙara

Shekarata goma sha ɗaya lokacin da Inna ta ba mu labarin Auta. A Alƙahira muke zaune, unguwar Ard al-Liwa, hawa na biyar a wani bene da ba a taɓa yi wa fenti ba. In ka leƙa ta baranda ba abin da za ka gani sai wani benen, da igiyoyin shanya, da masu tuk-tuk, keke mai ƙafa uku, suna kutsawa lungu suna danna ƙaho. A can aka haife ni, a can aka haifi yayata Asma'u. Karatu ya kai Abbanmu Masar, da ya gama sai ya zauna ya zama tafinta. Shi ke tarbar marasa lafiya daga gida, ya kai su asibiti, ya tsaya tsakaninsu da likita.

Inna ita ta haifi Abba, mu ma Inna muke ce mata don haka muka ji yana kira. Aikin ido ya kawo ta daga Zariya. Aka yi, ta warke, amma Abba ya yi ta ɗaga ranar komawarta har ta shekara biyu tare da mu. A shekarar 2013, da aka sa dokar hana fita, kowa ya koma shiga gida da wuri, muka saba zama wajenta bayan magariba. Da aka janye dokar ma ba mu daina ba. Da sanyi ya shigo sai ta fito da ƙaramin kaskonta na turaren wuta, ta cika shi da gawayin da ake sayar wa masu shisha, ta jera mana dankali a gefe. Umma takan buɗe taga kaɗan saboda hayaƙi, Inna ta yi ta mita wai an shigo mata da iska. In aka ɗauke wuta, wanda ba wuya a wancan lokacin, jan garwashin nan kaɗai muke gani da ƙyallin gilashin idonta.

Akwai abin da ƙawayena na makaranta ba sa yarda in na faɗa musu: Inna ta zauna a Turai. Tana amarya kakanmu ya samu gurbin karatun injiniyan ruwa a birnin Furag, ya tafi da ita, suka yi shekara huɗu. Ɗaki suka kama a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Inna ta ce da hannu suka fara magana, daga baya suka koma baki. A kicin ta koyi yaren, suna yankan kabeji, tsohuwar tana ba ta labarin sarakunan ƙasarsu. A can ta haifi ɗanta na fari, Baffanmu.

To, a wannan sanyin Baffa yana kwance a wani asibiti a Alƙahira, ciwon zuciya ya kawo shi, kuma Abba bai je ya duba shi ba. Shekara bakwai ba sa magana. Ranar da kakanmu ya rasu Abba ya je gida zaman makoki, sai Baffa ya ce a gaban jama'a, wanda ya bar tsoho shekara da shekaru ba shi da wurin zama a tabarmar karɓar gaisuwa. Abba ya tashi ya sa takalminsa, washegari ya kamo hanya. Da ciwo ya kama Baffa ya zo Masar, sai ya ɗauki wani ɗalibi ya yi masa tafinta, ƙaninsa kuwa yana gari. Ana saura kwana uku a yi masa aikin zuciya ɗalibin ya ɓace, jarrabawa ta taso masa, waya ma ya daina ɗauka. Matar Baffa ta kira Umma tana kuka. Likita yana bayani ba sa fahimta, an ba su takardu ba su san me ke ciki ba. Larabcin Umma na kasuwa ne, bai kai nan ba.

Da Umma ta gaya wa Abba, na ji amsarsa daga kicin. Ya ce, “Ya san inda nake. Shi ya zaɓi wani.”

Inna tana zuwa asibitin kullum da safe, amma ko sau ɗaya ba ta ce wa Abba je ka ba. Ba ta ma iya kiran sunan Baffa, ɗan fari ne, sai dai ta ce “yayanka”. A makon ne aka yi sanyin da har yau mutanen Alƙahira ke tunawa, maƙwabta suna nuna mana hotuna a waya wai dusar ƙanƙara ta zuba a bayan gari. Inna ta kawo wayar dab da idonta ta duba, ta ce wannan ai gari aka barbaɗa. Da yamma ta hura kasko ta ce, “Ku matso. Yau ba tatsuniya ba ce, mutumin nan ya yi rayuwa, ya ci tuwo, ko dai abin da suke ci a madadin tuwo. Sunansa yana karya harshe, don haka Auta za mu ce masa.”

Abba yana zaune a tebur can gefe, ya ba mu baya, yana duba takardun wani majinyaci.

Inna ta ce ƙasar Bohemiya, inda Furag take, kamar ƙwarya ce, duwatsu da dazuzzuka sun kewaye ta, mutane suna tsakiya. Mai mulkinta ba babban sarki ba ne, akwai Sarkin Jamus a samansa, amma manyan ƙasar su ke zaɓen nasu. Mahaifin Auta ya mutu ya bar 'ya'ya maza da yawa da kujera ɗaya. Suka yi ta ƙwace ta a junansu. Auta shi ne ƙarami, ya goyi bayan wani yayansa, aka ci su, ya gudu ƙasar Polan. Ya dawo aka shirya, aka ba shi gari ya riƙe, aka sake ɓatawa da yayan da ke kan mulki, ya sake gudu.

Asma'u ta ce, “Sau nawa, Inna?”

“Tsohuwar ma ta ce ta daina ƙirgawa. Ya yi furfura yana cin abinci a akushin wasu. Har matarsa a gudun hijira ya aure ta. Amma ku riƙe wannan: mai gudu ba ya bin babbar hanya. Ba wani lungu a duwatsun nan da ƙafarsa ba ta taka ba.”

Sai yayan nasa mai mulki ya kwanta ciwon ajali, ya ƙudura zai bar wa wani ɗan baffansu kujerar don kada Auta ya samu. A nan uwarsu ta shigo. Tsohuwa ce tukuf, ta riga ta binne 'ya'ya. Inna ta gyara zama, ta sauya murya, har yau ina jin yadda ta yi. Ta ce uwar ta zauna a bakin gado ta ce, ni ban zo maganar kujera ba, ku ba wa wanda kuka ga dama, amma ciki ɗaya kuka fito, ba zan binne ɗaya yana gaba da ɗaya ba. Aka aika wa Auta. Ya zo a makon bikinsu na Ista, ya durƙusa, yayan ya miƙo hannu. Bayan 'yan kwanaki yayan ya cika, manyan ƙasa suka taru suka naɗa Auta.

Na saci kallon Abba. Takardar da ke gabansa tun ɗazu ita ce dai, bai juya ta ba. Inna ta ce dankali ya nuna, sauran sai gobe.

Washegari aka ɗauke wuta tun kafin isha'i, don haka Abba ba shi da abin dubawa. Ya jawo kujera ya zauna a bakin ƙofar falo, wai ɗumi yake ji.

Inna ta ce ɗan baffan nan bai haƙura ba. Ya tafi wajen Sarkin Jamus ya kai ƙara. Sarkin Jamus ya aiko cewa ba mai hawa kujerar Bohemiya sai wanda shi ya ɗora, Auta ya zo ya yi bayani. Auta ya mayar da amsa cikin ladabi: manyanmu ke zaɓe, kai naka ka sa albarka. Sai Sarkin Jamus ya tara mayaƙa ya taso a tsakiyar hunturu, ɗan baffan yana gaba yana ce masa ba wanda zai ɗaga takobi, da sun gan ka za su watse.

“Ku ba ku san ƙanƙara ba,” in ji Inna. “Takan kai ƙugu. In ka taka sai ka nutse, in ka zare ƙafa takalmin ya zauna a ciki. Ni na taɓa faɗuwa a cikinta da goyon yayan babanku, sai da mutum biyu suka ciro mu. To ku ɗauka mutum yana sanye da rigar ƙarfe.”

Jamusawa suka shigo wata matsattsiyar hanya tsakanin duwatsu. Dawakai suka kasa, mahaya suka sauka. Nauyi ya ishe su, suka tuɓe rigunan ƙarfe suka ɗora a kan kekunan kaya, suna tafe a jere kamar masu zuwa kasuwa. Ba su san Auta ya riga su isa ba. Ya bi wuraren ibadarsu ya roƙi Allah, limamansu suka ɗaura masa tuta a kan mashi, ya kawo mutanensa ta hanyoyin da ya koya yana gudu, ya ɓoye su a cikin itatuwa dama da hagu. Ya bari sai da na gaba suka fito daga matsatsin, na baya ba su shigo ba.

A nan Inna ta ajiye mafici ta tafa hannu sau ɗaya, har na zabura. Ta ce haka suka sauko. Kafin rana ta yi tsaka an gama. Ɗan baffan ya faɗi a wurin. Manyan Jamus da yawa aka kama. Sarkin Jamus da kansa, wanda sarakuna ke durƙusa wa, ya tattara sauran mutanensa ya haye wani tudu, Auta ya kewaye tudun. Ba abinci, ba wuta, ba hanyar komawa. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa ana korarsa yau ga shi tsaye a ƙasar ubansa, babban sarki yana hannunsa.

Ni da Asma'u muka yi ta tsalle a zaune. Na ce, “Sai ya kashe shi?”

Inna ta tona garwashi. Ta ce, “Wallahi nan ne ya shige mini. Tsufa. Nura, kai ka ji shi kana yaro, yaya aka ƙare?”

Abba ya ce, “Inna, ba ki manta ba.”

“Na ce maka ya shige mini. Yara suna jira.”

Ana jin ƙarar janareton mai shagon ƙasa. Sai Abba ya ce, da murya ƙasa ƙasa, “Hawa tudun ya yi.”

“Wa? Sarkin Jamus ne ya sauko?”

“A'a. Auta ne ya hau. Da mutane kaɗan, takobi a kube. Ya gaishe shi yadda ake gai da babba. Ya ce ba mu so zubar da jinin nan ba, kai ka kawo mana shi har gida. Ya ce ka amince mu ke zaɓen namu, mu kuma mu ci gaba da girmama ka. Sarkin Jamus ya miƙa masa tutar sarauta, ya rungume shi. Auta ya saki waɗanda aka kama, bai karɓi fansar kowa ba.”

Asma'u ta ce, “Amma Abba, shi ya ci yaƙin. Me ya sa shi zai hau?”

Inna ce ta amsa, “Na kan tudun ba shi da ƙafar saukowa, 'yar nan. Kunya ta riƙe shi, ga mutanensa suna kallo. Da an jira shi, da a can sanyi zai kashe shi. Na ƙasa shi ke da hanya.”

Abba ya miƙe ya ce, “Khalas, ya isa, Inna, na ji.” Ya shiga ɗaki.

Da safe na fito na same shi ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, alhali ranar Lahadi ce. Ya ce, “Rukayya, ɗauko fulas ɗin kunun nan. Yalla, mu tafi.” Ban je makaranta ba ranar, ba kuma wanda ya yi maganar. Muka tsallaka titin jirgi, muka shiga mikrobas, ƙaramar bas ta haya, Inna a tsakiyarmu tana jan carbi.

Ban taɓa ganin Baffa ba sai a hoto. A hoton ƙato ne. Wanda na gani a gadon ya rame, leɓɓansa sun yi duhu, an sa masa roba a hanci. Da ya ga Abba sai ya yi yunƙurin tashi ya kasa, ya juya fuska wajen bango. Abba ya cire takalmi a bakin ƙofa, abin da ba a yi a asibiti, ya je ya durƙusa a gefen gadon.

“Yaya, ina kwana. Yaya jiki?”

Baffa ya ce, “Nura. Ka zo.”

“Na zo, Yaya.”

Iyakar abin da suka ce ke nan, don likita ya shigo da takardunsa. Abba ya miƙe ya koma mutumin da na sani a wajen aiki. Ya karanta komai, ya yi tambayoyi, ya gano akwai wani magani da Baffa ke sha tun daga gida wanda ya kamata a dakatar kafin aiki, ba wanda ya gaya wa likitan. Likitan ya dafe kai, ya ɗaga aikin da 'yan kwanaki. Sannan ya tambaya wa zai sa hannu a madadin dangi. Abba ya fassara. Baffa ya ce, “Gaya masa wannan ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi zai sa.”

Abba ya buɗe baki zai mayar da maganar Larabci, muryarsa ta ƙi fita. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana fassara labarin mutuwa da na rayuwa bai taɓa sarƙewa ba. Likitan ya dube su su biyu, ya ce, “Ma'alish, ba komai, na gane,” ya miƙa masa alƙalami. Inna kuwa tana bakin taga ta ba mu baya, wai tana kallon motoci.

Aikin ya yi kyau. Bayan mako biyu aka sallami Baffa, Abba ya ce ba maganar komawa masauki, gidanmu zai yi jinya. Aka ɗauko shi a kujera, Abba da mai gadin bene da wasu ɗalibai biyu, har hawa na biyar. Ni da Asma'u muka koma kwana a falo. A wannan zaman ne Inna ta ƙarasa mana mulkin Auta, Baffa yana kishingiɗe cikin bargo. Ta ce shekara goma sha biyar ya yi a kan kujera. Ganuwar fadar Furag ta itace da ƙasa ce, shi ya fara mayar da ita ta dutse, ita da idonta ta ga wani ɓangaren. Ya gina garuruwan tsaro a kan iyaka. Sarkin Jamus ya zama amininsa, har shi ya tsaya wa ɗan Auta a matsayin uba ranar da aka yi masa wankan shiga addininsu. Jamusawa ba su sake shigowa da yaƙi ba har ya mutu.

Baffa ya ce, “Inna, a zamaninmu da farin doki ya hau tudun.”

Abba ya ce, “Da ƙafa ya hau, Yaya. Doki ba ya iya ƙanƙara.”

“Ni aka haifa a ƙasar, kai za ka gaya mini?”

Suka yi ta musu, Baffa yana dariya yana dafe ƙirji saboda ɗinki, Umma tana roƙonsu su bari. Inna ta ce duk su biyun ƙarya suke, ita ba ta taɓa faɗin abin da ya hau ba. Ban taɓa jin gidanmu ya cika kamar a wannan watan ba.

Na girma, na shiga jami'a, wata rana na nemi Auta a littattafan tarihi. Na same shi, da sunansa mai karya harshe. Gudun hijirar gaskiya ne, da uwar, da ƙanƙarar, da tudun. Amma na samu abin da Inna ba ta faɗa ba. Bayan wasu shekaru an ƙulla makircin kashe shi, ya hukunta masu hannu a ciki da tsanani, har ya sa aka makantar da ɗan yayansa. Abin ya dame ni. Na kira ta a Zariya, lokacin ta tsufa sosai, na ce, “Inna, kin san wannan?”

Ta ce, “Na sani. Tsohuwar ba ta ɓoye mini ba.”

“To me ya sa ba ki gaya mana ba?”

“Sarki ne, 'yar nan, ba waliyyi ba. Ya yi mai kyau, ya yi mummuna. Ni na ɗebo wanda gidana ke bukata a shekarar.”

Na daɗe ina juya maganar nan. Ina yarinya, nasarar Auta a wajena ita ce saukowar mayaƙa daga cikin itatuwa, shi ya sa nake tsalle. Yanzu da na yi nawa faɗace-faɗacen, a wurin aiki da cikin dangi, na gane cin yaƙi ba shi ne mai wuya ba. Sau da yawa lokaci ne kawai ke juyawa, ka wayi gari wanda ya wulaƙanta ka yana bukatarka. Mai wuyar ita ce 'yar tafiyar da ke biyo baya, wadda ba mai tilasta maka, kuma kana da cikakkiyar hujjar ƙin yin ta. Auta ya iya ta sau ɗaya, wani lokacin ya kasa. Abbana ya iya ta ranar da ta zo masa.

Baffa bai taɓa roƙon Abba gafara ba, Abba kuma bai taɓa neman ya roƙa ba. Baffa ya ƙara shekara tara a duniya. Da ajalinsa ya matso ya bar wasiyya ɗaya tak, ya sa aka rubuta don kada a yi gardama: Nura ne zai yi masa salla.